Kwaɗon da Na Sa wa Yajin Kawu Jibirin

Duk wanda ya ce muku ni na tona asirin yajin Kawu Jibirin, ku fara tambayarsa ko ya taɓa riƙe waya ba a juye ba. Ni ne Muzammil, wanda ake kira Bashmuhandis, wato babban injiniya, a hillarmu, ƙauyen nan namu na Gezira. Gaskiya ne ni na raɗa wa kaina sunan, amma ai ba wanda ya fito ya hana. Makaranta kuwa a aji biyu na sakandare na bar ta, ranar da na gane malamin lissafi ba shi da sauran abin da zai ƙara mini. Shi ma a ranar ya faɗi haka a gaban aji, kun ga ashe ra'ayinmu ɗaya.

Kawu Jibirin yayan mahaifiyata Sakina ne, shi ne mai agashe, wato tsire, a bakin tasha. Direbobin bas ɗin Managil sukan tsaya a gabansa su ce wa fasinja inji ne ya yi zafi, alhali tsinke biyar ne ke kiransu. Naman ba wani naman sama ba ne, asirin duk a yaji yake. Kayan haɗi tara ne, gadon kakansa wanda ya taso daga Sakkwato da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a Gezira ya ce sai an gama cirar auduga. Har yau muna nan ba a gama ba.

Duk ranar Talata Kawu zai shige ɗaki ya sa sakata, ya auna kayan tara, ya ƙulle su a tsumma, ya miƙa wa matarsa Inna Hindu ta kai bayan zana ta daka. Namiji ba ya tsayawa kan turmi, mace ba ta shiga ɗakin awo. Shekara talatin haka ake yi.

A tsallaken titi kuma akwai Hashim, shi ma mai agashe, wanda ko kuliyoyin tasha sai sun yi shawara kafin su ci abin da ya yar. Shekara goma yana shinshinar iska ko zai gane kayan nan tara.

To, sai yanar ido ta rufe wa Kawu idon dama, likita ya ba shi ranar aiki a Madani. Ana jibi tafiya ya kira ni, fuskarsa kamar an ce masa bankin jini za a kai shi.

"Muzammil, in an kwantar da ni ban tashi ba, yajin nan ya bi ni kabari. Ga shi 'ya'yana duk mata ne, suna gidajen mutane. In na rubuta a takarda, ɓera ya ci ko Hashim ya tsinta."

"Kawu, takarda a wannan zamani? Ku zauna in ɗauke ku bidiyo, mu ajiye a shafinku na Fesbuk."

"Fesbuk ɗin da kowa ke kallon raƙumin kowa? Kai, wanga yaro, kana da hankali?"

Na nuna masa wayar. "Ku dubi nan. Wannan ƙwallon duniya ce, in an taɓa ta kowa ya gani. Waɗannan kawuna biyu abokai ne. Wannan kuma kwaɗo ne, sunansa Ni Kaɗai. Abin da aka sa a bayansa, ko aljani sai ya nemi izini."

Ya kawo idon hagun kusa da gilashin, ya daɗe yana duba. "Kwaɗon ƙarami ne."

"Kawu, ai ba girman kwaɗo ba ne, mai maƙullin ake dubawa. Ga ni."

Muka shiga ɗakin awo, muka sa sakata. Ya sa farar jallabiya da rawani kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya yi gyaran murya, ya jero su: ƙuli-ƙuli, barkono, citta, masoro, kanumfari, kimba, gishiri, kuzbara, kowanne da awonsa. Da ya zo na tara sai ya waiga dama da hagu, ya matso har hancinsa ya cika gilashin, ya yi raɗa: "Bagaruwa, tafin hannu ɗaya. Nan ran yake."

Na ɗora bidiyon, na danna kwaɗo. Na shiga shafina na kaina na duba, babu shi. Don ƙarin tsaro kuma na goge na cikin wayar ƙarƙaf, ya zama duk duniya kwafi ɗaya ne, yana bayan kwaɗona. Na fito ina tafiya kamar wanda ya gina madatsar Sinnar da hannunsa.

Ranar tafiya ƙaninsa Osman ya raka shi Madani. Ni kuma na wuce rumfar Sabah mai shayi, in karɓi gaisuwar jama'a.

Tana zuba mini shayi ta ce, "Bashmuhandis, masoron nan cokali biyu ya ce ko uku? Wurin ya ɗan yi ƙara."

Shayin ya bi ta hanci.

"Wane masoro?"

"Na bidiyon Kawunka mana. Rawanin ya yi masa kyau, wallahi."

"Ba ki gani ba! Ba zai yiwu ba! Akwai kwaɗo!"

Ta zaro wayarta daga cikin gwangwanin sukari ta miƙo mini. Ga Kawu, ga hanci, ga ɗan kwaɗona a gefe yana nan daram, bai motsa ba.

Sai a lokacin na tuna. Wata uku da suka wuce, da wayar Kawu ba caji, da wayar Sabah na shiga shafinsa na sa hoton tsire. Ban fita ba. Wayarta kuwa a ganin Fesbuk ita ce Kawu Jibirin.

Tahir mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, wanda ke zaune a benci yana tsoma biredi, ya ɗaga tasa wayar. "Ya zol, mutumina, ni ma ina da shi. Ranar da kuɗin intanet ɗinka suka ƙare, ka tuna?"

Mai aski ya leƙo daga shagonsa. "Mu ma mun gani. Kimbar ce ta ba ni mamaki."

Na tsaya na lissafa da yatsu, yatsun suka ƙare na ara na ƙafa. Waya goma sha ɗaya! A hillarmu waya kamar tabarma ce, wanda ya zo ya zauna. Ni Kaɗai ɗin nan ashe mu goma sha biyu ne.

"To goge shi mana," in ji Sabah.

"In goge, in Kawu bai tashi ba fa? In zama wanda ya kashe gadon kakanni da babban yatsa? Ku dai ku zuba ido ku ga aikin injiniya."

Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali: wayar Hashim ba ta cikin sha ɗayan. Na rantsar da kowa kada ya faɗa masa, na zauna na fara toshe mutane. Na toshe Sabah.

"Har yanzu ina gani," ta ce.

Na sake toshe ta.

"Ga shi nan yana cewa citta."

Na ce to, ashe cutar ta yi nisa, sai babban magani. Na buɗe jerin abokan Kawu na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai girbin dawa. Direbobi, toshe. Mai aski, toshe. Liman, Allah ya gafarta Malam, toshe. Cikin saurin hannu har da Najwa, babbar 'yar Kawu da ke aure a Bur Sudan. Ta kira ni sau huɗu ina kashewa, don injiniya ba ya amsa waya yana tsakiyar aiki.

Ku sa kanku a matsayin Najwa. Ranar da za a yi wa ubanta aiki, ta buɗe waya ta ga shafinsa ya ɓace ɗungurungum, babu suna babu hoto. Ta kira lambarsa, a kashe, yana hannun likita. Ta kira ni, ina kashewa. Sai ta kira gwaggonta ta fashe da kuka.

Kafin azahar mata sun cika gidan Kawu da kururuwa. Ina zaune sai na ga Tahir ya wuce da rakshar cike da kujerun makoki, yana tuƙi yana share ido. Na bi shi a guje. Na tarar maza har sun kafa ƙafa biyu na rumfa a ƙofar gida, Liman yana tambaya ko gawar a bas za a kawo ta.

Inna Hindu ce kaɗai ba ta yi kuka ba. Ta laluba 'yar wayarta mai maɓallai a cikin kwanon gari, ta hure ta, ta kira Osman.

"Rasuwa?" muka ji muryar Osman. "Ga shi nan ya farfaɗo, yana faɗa da ma'aikaciyar jinya wai waken ful ɗin asibiti ba gishiri!"

Kuka ya koma guɗa. Sai Inna ta juyo, taɓarya a hannu, ta dube ni.

"Kai, ɗan Sakina. Mi ka taɓa?"

"Inna, gyaran tsaro ne. A fannin injiniya ana kiransa…"

Ban tsaya na gaya mata sunan ba, don taɓaryar ta riga ta tashi sama. Katangar gidan Kawu kamu huɗu ce, amma ranar ban ji tsawonta ba.

Washegari na buɗe toshewar Najwa da ta Liman, na koma rumfar Sabah da sabuwar dabara.

"Yau zan kori kowa. Akwai wurin da ake danna fita daga dukkan wayoyi. Sannan in canza kalmar sirri."

"Wacce, agashe123?" in ji Tahir.

"Wa ya gaya maka?"

"Kai ka rubuta da gawayi a bangon rumfar Kawunka, kada ka manta."

Na yi kamar ban ji ba. Na ce wannan karon zan yi kalmar da ko an ɗaure ni a kasuwa ba za a ji ta daga bakina ba. Na rufe ido, na daddanna haruffa da lambobi ashirin da biyu, na kwafa na manna a gida na biyu, na ce bismillah, na danna fita daga ko'ina.

Sabah ta duba wayarta. "Ya tafi!"

Tahir ya duba tasa. "Tamam, ya tafi!"

Na miƙe na ɗaga hannu sama ina juyi, mai aski yana tafi. "Ku faɗa da ƙarfi, wane ne Bashmuhandis?"

"To kai fa, kana ciki?" in ji Sabah.

Na duba. Wayata ta mutu, caji ya ƙare. Muka jona ta a batirin Sabah, ta farfaɗo, abin da na kwafa ya tafi, Fesbuk kuma yana tambayata kalmar sirri kamar bai taɓa ganina ba. Na kori kowa daga gidan, na ja ƙofa, na tsinci kaina a waje tare da su.

"Ƙaramin abu ne," na ce, gumi yana sauka. "Akwai Na Manta. Za su turo lamba ta saƙo."

Na danna. Allon ya ce an tura lamba zuwa layin da ya ƙare da arba'in da bakwai.

"Layin Kawunka da tara ya ƙare," in ji Tahir.

Arba'in da bakwai. Tsohon layina ne, da shi na buɗe wa Kawu shafin shekara uku da suka wuce. Bara kuma na ba da tsohuwar wayar, da layin a ciki, aka ba ni tattabaru huɗu.

A tsallaken titi, wani abu ya yi ƙara a aljihun Hashim.

Na tsallaka ina murmushi kamar mai neman aure. "Hashim, ɗan'uwa! Ya kasuwa? Kai, ƙamshin nan naka yau har tasha!"

"Tun bara ba ka ce mini sannu ba, Bashmuhandis. Mi ya faru?"

"Wani ɗan saƙo ne ya yi ɓatan hanya. Lambobi shida, ba su da amfani. Karanto mini kawai."

Ya duba wayar, ya duba ni. "In ba su da amfani, mi ya sa kake zufa?"

"Rana ce."

"A inuwa kake tsaye."

"Zan dawo maka da tattabarunka!"

"Biyu sun dawo da kansu tun bara. Biyun kuma ka cinye." Ya karanta saƙon a hankali, leɓɓansa suna motsi. "Nan an ce kada in ba kowa wannan lamba. Ni mutum ne mai bin doka."

Kafin la'asar Hashim ya sa lambar ya shiga, ya yi sabuwar kalmar sirri, ya zama shi ne Kawu Jibirin. Daga rumfar Sabah muna hangensa ya kafa kunne a waya, yana rubutu a bayan kwalin sigari. Can sai ya ɗago ya yi ihu: "Bagaruwa! La ilaha illallah, bagaruwa!" Da ya gama kwafewa, don mugunta, ya cire kwaɗona ya danna ƙwallon duniya.

Kwana uku ban bi ta tasha ba. Duk inda na gilma sai wani ya matso da hancinsa kusa da fuskata ya yi raɗa, "Nan ran yake." Har daga Abu Hujar wani abokina ya kira yana tambaya ko kimbar a soya ta.

Hashim ya yanka rago biyu, ya aika shela cewa ranar Juma'a bayan la'asar za a ɗanɗana Agashen Gado kyauta a nadi, wurin da muke kallon ƙwallo. Ya jona wayarsa da babban talabijin ɗin, bidiyon yana ƙarewa yana sake farawa. Duk hilla ta hallara, mata ta bayan shinge, maza kan benci. Ni ma na je, na laɓe bayan randa, don injiniya dole ya duba ɓarnar da kansa.

Ranar ce kuma aka cire wa Kawu bandeji. Tahir ya ɗauko Kawu da Osman daga tasha, ya ga taro, ya tsaya. Kawu ya sauko yana murna, yana cewa yanzu har ƙudan da ke kan hasumiya yana gani. Abu na farko da sabon idon nan ya gani sosai a hillarmu shi ne hancinsa, faɗin talabijin, yana gaya wa mutum ɗari biyu, "Bagaruwa, tafin hannu ɗaya."

Kowa ya juyo ya dubi Kawu. Sai gilashin shayin wani ya faɗi.

"Muzammil!"

Da tsohon idon ne da bai gan ni ba. Likitocin Madani sun iya aiki, wannan na shaida. Muka zaga randa sau biyu, muka zaga talabijin, sandarsa tana wuce kunnena tana fito.

"Ka ce ko aljani sai ya nemi izini!"

"Kawu, ai Hashim ba aljani ba ne!"

Hashim yana dariya yana raba tsinke. "Bismillah jama'a, ku ci gadon Sakkwato!"

Liman ya fara gatsa. Ya tauna sau ɗaya, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka. Mai aski ya tofar ya ce harshensa ya manne da dasashi. Wani direba ya roƙi ruwa da hannu, don bakin ya ƙi buɗuwa. Aka jefa wa kuliyar tasha yanka ɗaya, ta shinshina, ta tona ƙasa ta rufe shi.

Kawu ya bar bina, ya fizgi tsinke ya ɗanɗana, ya yi kakari. "Ɓarawo, ko satar ma ba ka iya ba! Ka ɓata awo!"

"Wallahi yadda ka faɗa na auna!" Hashim ya zaro kwalin sigarin. "Duba! Tafin hannu ɗaya!"

Kawu ya duba da sabon ido, ya sake dubawa da tsohon. Awon daidai yake, ba ragi ba ƙari. Ya juya kwalin yana neman kuskure.

Daga bayan shinge aka ji dariya. Inna Hindu ce, ta gyara mayafi ta leƙo.

"Malam, wa ya ce maka ana cin bagaruwa? Fata ake jima da ita."

"Kamar yaya? Ni nake auna ta da hannuna!"

"Kana aunawa, ni kuma ina tsincewa. Tun Talatar farko da aka kawo ni gidanka. Iyarka ta kama hannuna a bayan zana ta ce, 'Hindu, ki bar su su yi ta ƙullawa, ke dai ki cire.' Ita ma haka surukarta ta gaya mata. Buhu biyu gare ni a rumbu, duk mai ciwon maƙogwaro a hillar nan da gadon kakanka yake warkewa."

Mata suka kwashe da shewa. Sabah har da zama a ƙasa.

Muryar Kawu ta yi ƙasa. "To in an cire ta, mi ake sawa?"

"Abu biyu."

"Waɗanne?"

Hashim ya matso da kwalinsa da biro. Mutum ɗari biyu suka miƙa wuya. Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta juya ta kama hanyar gida, tana cewa ta bar tukunya a wuta.

Hashim ya kwashe ragunansa biyu ya kai wa karnukan bakin kanal ɗin ban ruwa, su ma aka ce sun bar unguwar. Shafin kuwa ya mayar wa Kawu da kansa, don masu zagi daga Managil har Madani sun hana wayarsa hutawa. Najwa ce ta gyara komai daga Bur Sudan: layin Kawu, sabuwar kalma, da sharaɗin kada a bar ni in matso kusa da wayar kamu goma. Ranar Asabar layin masu sayen agashe a gaban Kawu ya kai gidan mai, kowa yana so ya ɗanɗana ya gano abu biyun.

Kun ga ke nan, in ba don ni ba, da Kawu ya mutu bai san matarsa ce mai gadon ba, da Hashim yana nan yana shinshina, da kuma bas ɗin Managil ba su ƙara tsayawar minti goma ba. Na faɗa wa Kawu haka, ya jefe ni da takalmi, amma na lura bai musa ba.

Talatar da ta biyo baya, Kawu ya shiga ɗaki ya sa sakata, ya auna tara cif, har da bagaruwar, ya miƙa wa Inna ƙunshin. Ni kuma na zagaya na tsuguna a bakin zana, ina jin lugude.

"Inna, ku yi tunani. Rai ba tabbas. Ku faɗa mini abu biyun nan in adana muku a wuri mai tsaro. Yanzu na ƙware."

Luguden ya tsaya. Taɓarya ta leƙo ta saman zana, ta sauka a hankali ta zauna a tsakiyar kaina.

"Bashmuhandis," ta ce, "nawa kwaɗon ba ya cin caji. Tashi ka ba ni wuri."